In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Yadda Ake Koya wa Masu Haɗa Magani Yin Bayani

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san buhun taki ba ya gyara gona shi kaɗai. Sai malamin gona ya nuna mana ma'aunin da za mu sa, da lokacin sawa, da tazarar da za mu bari tsakanin taki da gindin masara. Wanda ya zuba yuriya a jikin shuka don ɗokin samun amfani, ya ƙone ta. Wanda kuwa ya raba buhu guda ga gona uku, ya yi asarar kuɗinsa. Takin ɗaya ne, amma wani ya ji bayani, wani bai ji ba.

Haka magani yake. Da damina muka fi shan magani, gama lokacin ne zazzaɓin sauro ke yawa, yara suna zawo, manya kuma suna fama da ciwon jiki saboda noma. Muna kashe kuɗi mu sayo ƙwayoyi, amma sau da yawa mukan dawo gida ba mu san sunansu ba, balle yadda za a sha su. A shekarar 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan da ake rubutawa ko sayarwa a duniya ba bisa ƙa'ida ake yi ba, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan nasu yadda ya kamata.

Saboda wannan ne makarantun da ke horar da masu haɗa magani suke koya wa ɗalibansu wani darasi na musamman, watau yadda za su yi magana da marar lafiya. Mun ga ya kyautu mu bayyana wannan darasi a nan, domin rabinsa namu ne. Bayani ba ya yiwuwa sai da mutum biyu, mai faɗa da mai ji.

Su wane ne masu haɗa magani?

Mai haɗa magani shi ne wanda ya yi karatun sanin magunguna a jami'a. A arewacin Nijeriya akwai irin wannan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Maiduguri, da waɗansu kuma. Ɗalibi yakan yi shekara 5 ko 6 a makaranta. Bayan ya gama, sai ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin wani gwani. Akwai hukuma da ake kira PCN, ita ke yi musu rajista, ita ce kuma ke ba shagunan magani lasisi.

A shekarun farko ɗalibi yana koyon abin da ke cikin magani, da yadda ake yin ƙwaya da ruwan allura, da yadda hanta da ƙoda ke fitar da magani daga jiki. A da can, yawancin aikin ke nan: a auna, a haɗa, a ƙulla, a miƙa ta taga. Yanzu kusan dukan magunguna daga masana'anta suke zuwa a shirye. Don haka aikin ya koma wajen tabbatar da cewa maganin ya dace da mutumin, mutumin kuma ya gane yadda zai sha shi.

Yadda ake koyon bayani a aji

Ba a koyon magana da mutane daga littafi kaɗai. Hanyar da aka fi bi ita ce wasan kwaikwayo. Ɗalibi ɗaya yakan zama mai ba da magani, abokinsa ya zama marar lafiya, malami da sauran 'yan aji suna kallo. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Shirin kiwon lafiyar karkara na Garkida, wanda aka fara a 1974, da labarai da wasanni ya riƙa horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye.

Bari mu kwatanta yadda irin wannan wasa yakan kasance. Abokin ɗalibin ya zama dattijon manomi, ya shigo da takardar likita.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ɗana. Ga takardar da aka ba ni."

"Baba, maganin naka ne, ko aiko ka aka yi?"

"Nawa ne."

"Likita ya ce maganin mene ne?"

"Ya ce an ga zazzaɓin sauro a jinina."

"Yaya ya ce ka sha shi?"

"Gaskiya ban riƙe ba, ɗana. Mutane sun yi masa yawa."

"Ba kome, Baba. Akwai wani magani da kake sha yanzu, ko na asibiti ko na gargajiya? An taɓa ba ka maganin da ya sa ka ƙaiƙayi ko kumburi?"

"Sai dai na gajiya da nake saya ranar kasuwa. Ban taɓa kumburi ba."

Sa'an nan ɗalibin ya buɗe kwalin, ya nuna wa Baba ƙwayoyin da idonsa. Ya ce, "Ƙwaya 24 ce, za ka sha huɗu huɗu har sau 6. Ka sha na farko yanzu ƙarfe 10. Na biyu bayan awa 8, watau ƙarfe 6 na yamma. Gobe da jibi kuma safe da yamma. Ka sha shi da abinci mai maiƙo, kamar nono ko kunun gyaɗa, gama maiƙo ne ke taimakonsa shiga jini. Ko ka ji sauƙi gobe, kada ka bari sai ya ƙare. In ka yi amai nan da nan bayan sha, ko kuwa jiki ya ƙi sauƙi, ka dawo. Na gajiyan nan kuma ka kawo mini shi in gani."

Daga ƙarshe sai ya ce, "Baba, ina so in tabbata ban tsallake kome ba. In ka koma gida Mama ta tambaye ka yadda za a sha, me za ka ce mata?"

Bayan wasan, malami yakan yi gyara. Ɗalibin ya gai da mutum? Ya bar shi ya gama magana? Ya yi amfani da kalmomin da manomi zai gane? A makarantu da yawa har jarrabawa ake yi a kan wannan, a ba da maki.

Dalilin kowace tambaya

Waɗansunmu sukan ji haushi in mai ba da magani ya yi ta tambaya. Mukan ce, "Ni dai ba ni abin da na zo saya." To, kowace tambaya tana da dalili.

"Na wane ne?" Sau da yawa wanda ya je sayen magani ɗan aike ne. Ma'aunin babba daban, na yaro daban, kuma na yaro bisa nauyinsa ake lissafawa. Akwai magungunan da ba a ba yara sam. Asfirin yana cikinsu. Kafso ja da yalo, wanda sunansa tetrasaikilin, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana ɓata haƙora.

"Akwai juna biyu, ko ana shayarwa?" Wannan tambaya tana da nauyi a bakinmu, musamman in saurayi ne ke yi wa matar aure ita. Amma tilas ne a yi ta, gama abin da uwa ta sha yana iya kaiwa ga jariri. Kafso ja da yalon nan ma ba na mai ciki ba ne.

"Me likita ya ce?" Akwai tambayoyi uku da ake koyarwa a makarantun haɗa magani da yawa a duniya, asalinsu daga Amurka: Maganin mene ne aka ce maka? Yaya aka ce ka sha? Me aka ce za ka gani bayan ka sha? Amfaninsu shi ne, ɗalibi yakan fara jin abin da mutum ya riga ya sani, sa'an nan ya cike abin da ya rage. In ya tambaya, "Ka gane?" kowa zai ce "I" don kunya.

"Me kake sha yanzu?" Magunguna suna karo da juna. Panadol da farasitamol abu ɗaya ne, kuma yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu. Babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare, da tazarar awa 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha. Wanda ya haɗa Panadol da maganin mura da ƙullin mai talla, yana iya wuce iyaka bai sani ba, hanta kuwa ita ke shan wahala. Magungunan ciwon jiki irin su ibuforofen da dikulofenak, da garin Alabukun wanda asfirin ke cikinsa, suna iya cin bangon ciki har ya yi jini, musamman in an sha su kullum, ko an haɗa biyu, ko ciki ba kome. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda lalle ya faɗi kafin a ba shi.

"Me kake ci, me kake sha?" Nono da madara suna hana tetrasaikilin shiga jini, sai a bar awa biyu tsakaninsu. Amma maganin zazzaɓin sauro na yanzu yana son nono. Wanda ke shan Flagyl kuwa ya guji giya da burukutu har bayan kwana biyu da gama maganin. Kun ga ba a iya cewa doka ɗaya ce ga kowane magani.

"Me za ka gani?" Ɗaya daga magungunan tarin fuka, rifamfisin, yakan mai da fitsari ja. Wannan ba illa ba ce. Amma wanda ba a gargaɗe shi ba zai zaci jini ne, ya tsorata, ya bar maganin, alhali tarin fuka yana bukatar wata 6 ana sha ba fashi. Rifamfisin kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, ya kamata mace ta san wannan tun farko.

Kalmomin da ke ruɗa mu

Wani babban abin da ɗalibi ke koya shi ne, abin da ya faɗa da abin da aka ji ba kullum suke zama ɗaya ba. "Sau uku a rana" a wurinsa yana nufin kowace awa 8, kamar ƙarfe 6 na safe, da 2 na rana, da 10 na dare. A wurin manomin da zai yini a gona, yana iya zama da safe sau ɗaya, da dare sau biyu. "Cokali ɗaya" a wurinsa mililita 5 ne, amma cokulan gidajenmu wani ya fi wani girma. Saboda haka ake koya masa ya nuna ma'aunin da ke cikin kwali, ya nuna layin da yatsa.

Mu ma muna da kalmomin da ke ruɗa shi. In mun ce "sanyi", ko "basir", ko "shawara", kowace kalma tana iya ɗaukar cututtuka dabam dabam. Ɗalibin kirki ba ya hanzarin ba da magani don ya ji sunan ciwo. Yakan ce, "Mama, yaya yake yi miki? Tun yaushe? A ina kike jinsa?" A wurarenmu kuma ba kowa ne Hausa ta zauna a bakinsa ba. Tsohuwa tana iya jin Tarok, ko Berom, ko Bura, ko Fulatanci kaɗai. A nan sai a nemi tafinta, a kuma zana alama a jikin takarda: fitowar rana, rana tsaka, da wata, da ɗigo a ƙarƙashin kowanne don nuna yawan ƙwaya.

Shi ya sa maimaitawa ta zama ƙarshen kowane bayani. In an ce mu maimaita, kada mu ɗauka raini ne. Ta haka mai bayani yake gane inda shi kansa ya kasa.

Abin da rashin bayani ke jawowa

Akwai asarar da ke kan mutum ɗaya, akwai kuma wadda ke kan jama'a duka. Manyanmu sun tuna lokacin da kulorokwin ke warkar da zazzaɓin sauro. A hankali ƙwayar cutar ta saba da shi, har a 2005 Nijeriya ta canza zuwa magani mai haɗi biyu da ake kira ACT. Mu manoma mun san irin wannan, gama mun ga ƙwarin da suka daina jin maganin feshi. Abin da ke faruwa ke nan da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amfisilin da amokzisilin, in ana sayen biyu biyu ana sha don mura ko gajiya. Wani babban bincike ya nuna cewa a 2019 mutane wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki shan wannan wahala bisa yawan jama'a.

Ana kuma koya wa ɗalibai su gargaɗi mutane a kan inda suke sayen magani. A 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da guba. An kafa hukumar NAFDAC a 1993 don lura da ingancin abinci da magani. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84. A 2018 kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, domin matasa sun mai da shi abin maye. Taramol ma ya shiga gonakinmu, samari suna sha wai don ƙarfin noma, alhali yana kama mutum, yana kuma iya sa farfaɗiya. Mai haɗa maganin da aka horar da kyau ya san akwai ranar da zai ce, "A'a, ba zan ba ka wannan ba," ya kuma faɗi dalili cikin ladabi.

Inda babu mai haɗa magani

Gaskiya ita ce yawancin masu wannan ilimi a birane suke. A ƙauye abin da muke da shi shi ne ƙaramin asibiti, da malamin lafiya, da mai kemis. Mai kemis yana da amfani, amma lasisinsa na waɗansu magunguna ne kaɗai, waɗanda ba sa bukatar takardar likita. To, in babu mai yi mana tambayoyin nan, sai mu juya su, mu ne za mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ga biyar da ya kamata kowa ya riƙe:

1. Mene ne sunan maganin, kuma aikin me yake yi?
2. Nawa zan sha, da ƙarfe nawa, har kwana nawa?
3. Kafin abinci ko bayan abinci? Akwai abin da zan guje wa?
4. Me zan gani wanda ba kome ba ne, me kuma zan gani in dawo da sauri?
5. Ina zan ajiye shi, yaushe kuma zai lalace?

Mu ma mu faɗi gaskiya. In muna shan saiwa ko jiƙo, mu faɗa. In akwai ciki, mu faɗa. In kuɗinmu bai kai na cikakken magani ba, mu faɗa, wataƙila akwai irinsa mai araha. Wannan ya fi a sayi rabi. Alamun da ba a jira da su kuwa su ne kumburin fuska ko leɓe, da wuyar numfashi, da ƙuraje masu saɓule fata, da baƙin kashi kamar kwalta, da suma. Wanda ya ga ɗayansu ya tsai da maganin, ya nufi asibiti da kwalin a hannu.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

Na ɗaya, mu sa ranar duba magunguna. Kowane gida ya kawo abin da ke cikin jaka da saman taga, malamin lafiya ya duba. A ware wanda kwanansa ya wuce, da wanda ba shi da suna, da wanda ba shi da lambar NAFDAC. Masu hawan jini da ciwon sukari su ji daga bakinsa cewa nasu maganin ba a barinsa don an ji sauƙi.

Na biyu, mu gyara ajiya. Zafi da laima suna kashe magani, don haka kada a ajiye shi a ƙarƙashin kwano mai zafi ko kusa da murhu. A sa shi inda yara ba sa kaiwa, nesa da maganin feshi da na ɓera. Garin maganin yara da ake zuba wa ruwa, da tafasasshen ruwan da ya huce ake haɗa shi, daidai layin kwalba. Bayan an haɗa ba ya daɗewa, yawanci mako guda ne ko abin da takardarsa ta nuna.

Na uku, zumuntar mata ta koya wa kowace uwa haɗa ruwan gishiri da sukari na zawo. Ƙullin ORS na lita guda, da lita guda ta ruwa mai tsabta ake haɗa shi, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Ana haɗawa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Yawancin zawon yara wannan ya ishe shi, ba sai da kafso ba.

Na huɗu, mu raba maganin mutum da na dabba. Kada mutum ya sha na shanu. In an yi wa saniya allura ko an ba kaji magani, a duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono, ko a ci ƙwai, ko a yanka.

Na biyar, in akwai ɗanmu ko 'yarmu da ke wannan karatu, mu gayyace su taro lokacin hutu. Su yi mana wasan kwaikwayon nan, mu kuma mu gyara musu Hausarsu da gaisuwarsu. Za su koma makaranta da abin da ba ya cikin littafi, mu kuma mu saba da yin tambaya ba tare da kunya ba.

Tambayoyi don tattaunawa a taro

1. Wane magani ne aka fi saya a ƙauyenmu da damina, kuma a wurin wa?
2. Mutum nawa a cikinmu za su iya faɗin sunan maganin da suka sha na ƙarshe?
3. Me ke hana mu yin tambaya a gaban mai ba da magani?
4. Wa za mu gayyata, kuma wace rana za mu sa don duba magungunan gidajenmu?

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan bayani da ƙarfi a taro na gaba, domin waɗanda ba sa karatu su ji. Ya kuma rubuta tambayoyi biyar ɗin nan a babbar takarda, a manna a bangon ɗakin taro.